Tambaya da Amsa: Iska nawa zan sa wa shokozobar baburina?

TAMBAYA: Malam, ina da tsohon babban babur na tafiyar nesa, mai shokozobar iska. In ni kaɗai ne a kai lafiya lau, amma da na ɗauki uwargida da kaya sai bayansa ya zauna, ya riƙa dukan ƙasa a kowane rami. Iska nawa ya kamata in sa? Kuma zan iya sa masa da injin da ake hura taya?

AMSA: Bari in fara da ta biyun, don ita ce mai haɗari. Malam, kada ka kusanci injin hura taya da shokozobarka. Wurin da iska ke zama a cikinta ɗan ƙarami ne ƙwarai, kafin ka ɗauke hannu injin ya zarce ƙa'ida ya fasa sil, mai ya fara tsiyaya. Nemi ɗan famfon hannu na shokozoba, mai geji a jikinsa, wanda ba ya sakin iska in an cire shi. Gejin taya ma ban yarda da shi a nan ba: duk ɗorawa sai ya saci iska, ka auna sau biyu ka ga adadi biyu.

Batun adadi kuwa, babu guda ɗaya da zai yi wa kowa. Honda ta fara sa irin wannan shokozoba a babban baburinta Gold Wing, samfurin GL1100, a 1980. A samfurin GL1200 shokozobar gaba ba ta wuce psi 6 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska da geji ke nunawa), alhali ta baya a samfurin GL1500 tana kaiwa psi 57. Ka ga tazarar. Iyakar da aka rubuta a littafin baburinka ita ce shinge, kuma a cikin shingen nauyi ne ke yanke hukunci.

Ga yadda nake yi. Da safe, kafin babur ya yi zafi, sai in ɗora shi a kan jak ɗin tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa, in sa iska kaɗan. In auna daga ƙusar tayar baya zuwa wani wuri tsayayye a jikinsa. Sannan a sauke shi, a hau da fasinja da kayan da za a yi tafiyar da su, wani ya sake aunawa; bambancin awon biyu shi ne yawan zaman da ya yi. Abin da nake nema shi ne ya zauna kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar motsin shokozobar. In ya wuce haka, a ƙara psi biyu ko uku, a zaga, a ji. In ya koma yana tsalle yana bugun ƙugu, iska ta yi yawa. Ka rubuta adadi biyu ka ajiye, na kai kaɗai da na ku biyu.

Abin da ya fi damuna da tsofaffin baburan nan shi ne masu su na rufe ciwo da iska. Aikin iska ɗaukar nauyi ne kawai, mai ne ke hana lilo. In babur na ta rausaya bayan ya wuce rami, ko ka ga danshin mai a jikin shokozoba ko a bakin bawul, ƙarin iska ba zai yi magani ba, bakanike za ka kai wa ya canja sil da mai. In kuma iskar ce ke raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu, shafa kumfar sabulu a bawul da mahaɗar tiyo, inda ta yi ƙwai nan ne yoyon yake. Gyara shi kafin ka sake ɗaukar uwargida.