Amsa kan ɗauko ƙwararru daga waje a ayyukan haɗin gwiwa

Alhaji, ka tambaya ko ba ɓarnar kuɗi ba ce gwamnati ta ɗauko ƙwararru daga waje idan za ta haɗa gwiwa da 'yan kasuwa wajen gina hanya, kasuwa ko tasha, tunda akwai injiniyoyi a ma'aikata. Na yi shekaru a sashen tsare-tsare, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Injiniyoyinmu sun san siminti da rodi, ba a nan gizo ke saƙar ba. Takardar yarjejeniya ce matsalar. Mai zuba jari zai zo da lauyoyi da masu lissafi waɗanda wannan ne abincinsu, mu kuwa darakta ɗaya ne da lauyan da bai taɓa ganin irin kwangilar ba. Wa zai ɗauki asara idan naira ta faɗi? Idan jama'a suka ƙi biya fa? Dubi hanyar Lekki zuwa Epe a Legas: an ba kamfani shekara 30 a 2006, aka fara karɓar kuɗin hanya a 2011 mutane suka yi zanga-zanga, zuwa 2013 gwamnatin jihar ta ce za ta saye kwangilar. Ta Legas zuwa Ibadan ma an bayar a 2009, aka soke a 2012.

To, a ɗauko su. Amma wa ke biyansu? A wani aikin tashar mota da na bi, mai zuba jarin ne ya kawo "ƙwararren" da ya ƙirga motoci, kuma satin Sallah ya yi ƙirgar! Wani ɗan kamasho ne ya tona asirin, yana dariya yana cewa mu dawo da damina mu ga yadda tashar ke zama wayam. Sai muka ɗauko namu, Allah ya sani ya yi aiki mai kyau. Kuskurenmu shi ne ba mu zaunar da kowa kusa da shi ba. Ya gama, ya karɓi kuɗinsa, ya bar mana rahoto mai kauri da fayil ɗin Excel a kulle. Da kamfanin ya dawo yana neman ƙarin shekaru, ko mutum ɗaya ba mu da shi da zai buɗe lissafin ya ce masa a'a. Rahoton kuwa, ƙura yake sha a kabad.

Tun daga nan, duk sharuɗɗan da na rubuta sai na sa a ciki: gwamnati ce za ta biya ƙwararren, matasan ma'aikata biyu za su zauna da shi tun daga farko, kuma ba a biyan kason ƙarshe sai ya miƙa fayil a buɗe, sun gwada shi a gabansa. Idan aikin naku na tarayya ne, ku fara leƙa ƙa'idojin hukumar ICRC, mai sa ido kan haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da 'yan kasuwa, wadda dokar 2005 ta kafa, kafin ku sa hannu a komai.