Kafin ka zuba jarinka a RAM mai babbar lamba

Wani ɗan kasuwa mai shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi ya aiko da tambaya. Yana saro kwamfutocin gwanjo daga Kano, yana sayar wa ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da masu shagunan buga takardu. Dillalinsa ya sa shi ya sayi RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai lamba 1600 da tsada, wai ta fi mai 1333 gudu. Ya saka wa kwastoma, gudu bai ƙaru ba, wata kwamfutar ma ta ƙi tashi. Shin cutarsa aka yi? Kuma ina ya kamata ya sa sauran kuɗinsa?

Alhaji, dillalinka bai yi maka ƙarya ba, rabin magana ya faɗa maka. Lambar da ke jikin RAM iyakar abin da za ta iya ce. Mai yanke hukunci shi ne furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa bayanai) da babban allon kwamfutar. A kan allon akwai hanyoyin da bayanai ke bi tsakanin furosesa, RAM, faifan ajiya da ramukan USB, kowace da gudunta da faɗinta. Motar da ke iya kilomita 160 a awa, in ta hau hanyar da ba ta ɗaukar fiye da 100, to 100 ɗin za ta yi. Allon da iyakarsa 1333 zai sauko da RAM ɗinka ta 1600 zuwa 1333, kuɗin bambancin ya tafi a banza. In ka haɗa mai gudu da marar gudu, duka biyun gudun marar gudun za su bi.

Me ya sa ba a yi hanyoyin da gudu ɗaya ba? Nisa da zafi da tsada. Abin da ke cikin furosesa kusa yake da juna, shi ya sa yake gudun dubban MHz. Da sigina ta fito ta bi doguwar waya a kan allo, dole a rage mata, in ba haka ba bayanai su gurɓace. Dubi furosesan Core 2 Duo E8400: ainihin agogon hanyarsa 333 ne, furosesan yana ninka shi sau 9 ya ba da 3.0 GHz, hanyar kuma tana aika bayanai sau 4 a kowane bugu, shi ne 1333 da ake rubutawa. Cikin masu ƙera furosesa, AMD ta mayar da mai kula da RAM cikin furosesa tun 2003, Intel ta bi a 2008. Don haka a injunan Core i3, i5 da i7, lambar furosesa za ka fara dubawa kafin ka sayi RAM.

Wadda ta ƙi tashi kuwa, ina zargin wuta ce. RAM nau'in DDR3 tana cin volt 1.5, DDR3L 1.35, kuma kwamfutocin hannu masu Core ƙarni na 4 DDR3L suke so. Bakinsu iri ɗaya ne, za ta shiga rami lafiya lau, amma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa. Duba takardar jikinta: PC3 ita ce DDR3, PC3L kuma DDR3L. Wannan harafi ɗaya ya sa yara masu gyara da yawa sun yanke wa lafiyayyar kwamfuta hukuncin mutuwa.

Batun jari, ni dai SSD zan ce, wato sabon faifan ajiya marar juyawa. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa, SSD a kan hanyar haɗa faifai ta SATA III tana kai wajen 550, ko a kan SATA II ma tana kusa da 280. Wannan bambanci kwastoma zai gan shi da idonsa tun wajen kunnawa, ya biya ba gardama. Bambancin 1333 da 1600 kuwa, mai buga takarda a Word ba zai taɓa jin sa ba. RAM kuma yawanta ya fi lambarta amfani: daga giga 4 zuwa 8, musamman guda biyu iri ɗaya a ramuka biyu.

Kada ka tara DDR3 da yawa a shago. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel take farawa, waɗanda galibinsu RAM nau'in DDR4 suke ci. Waɗanda ke hannunka masu 1600, ware su ga injunan ƙarni na 3 da na 4, can za su yi cikakken gudunsu, amma kwamfutocin hannu na ƙarni na 4 sai masu PC3L. Tafiya ta gaba kuma ka riƙe jerin lambobin injunan da ke shagonka, ka sa dillali ya gwada kowace RAM a gabanka kafin ka ƙirga masa kuɗi.