Ga ƙanena mai son zuwa Sudan karatun ciyayin ruwa

Ƙanena, na ga hoton ciyawar da ka tsamo a dam ɗin garinmu, kana tambayar sunanta, wai kuma in nema maka gurbi a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani.

Ba a gane ciyawar ƙarƙashin ruwa a hoto, sai an sa hannu. Ɗago ta ka duba. In babu saiwa ko ɗaya, ganyayenta sirara sun zagaye kara a kowace gaɓa, kowane ganye ya yi rassa da 'yan haƙora a gefe, ka ji kaushi a tafinka, kuma ta fito daga ruwa ba ta langaɓe ba, to Ceratophyllum demersum ce. 'Yar gida ce a nan da can. Kada ka haɗa ta da mai shuɗin furen nan da ke yawo a sama, wadda ta zo daga Kudancin Amurka ta mamaye Farin Nilu tun wajen 1958.

Ita Ceratophyllum ruwa mai kwanciya take so. Da damina Shuɗin Nilu yana kwaso laka daga Habasha, ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwan gonaki, ya yi jawur, haske ba ya kaiwa ƙasa, sai ta ja baya. Da ruwa ya washe lokacin sanyi, ita da Potamogeton mai kafa saiwa a laka sukan cika ƙananan tur'o'in Jazira har ruwa ya kasa isa gona. Wannan ba a aji na koya ba. Dattawanmu masu yashe tur'a ne suka nuna min, mutanen Afirka ta Yamma mazauna Sudan da ake kira Fallata ana yatsina fuska. Akwai malamin da ya ƙi yarda ni na tantance samfurina da kaina. Daga baya ni yake aiko wa ɗalibai.

Yanzu saurara. A jikin ciyawar nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take maƙalewa. Na yi fitsarin jini, na san zafinsa. Kada ka shiga ruwa ba dogon takalmin roba.

Batun zuwa kuwa, ban yarda ba. Yaƙi ake tun Afrilun 2023, Wad Madani kanta ta faɗa hannun RSF, dakarun da ke yaƙi da sojojin Sudan, a Disambar shekarar, sai Janairun 2025 sojoji suka ƙwato ta. Ga Tiga, ga fadamar Haɗeja da Nguru a kusa da kai, fara da su. Koma dam ɗin ka duba min saiwar, ka gaya min zurfin wurin da kalar ruwan.