Amsa ga ƙanena mai son karatun taurarin sa ido kan muhalli

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa Turai ka yi digiri na biyu a kan taurarin ɗan'adam masu sa ido kan muhalli, kana tambaya ko dole sai mai digirin injiniya, kuma da me za ka fara shiri.

Ba dole ba ne. Yawancinmu da ke wannan fanni ko kusa da tauraro ba mu taɓa zuwa ba. Masu ƙera shi daban, masu harba shi daban, mu namu shi ne karanta abin da ya aiko. A ajinmu akwai waɗanda suka fito daga labarin ƙasa, da aikin gona, da kimiyyar ruwa, da kwamfuta.

Abin da tauraron ke aikowa kuwa lambobi ne zalla. Ɗauki Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai. An harba na farko a 2015, na biyu a 2017. Daga nisan kimanin kilomita 786 yake auna hasken da ƙasa ke mayarwa, iri 13, wasunsu ido ba ya gani. A hotonsa mafi kaifi, kowane ɗigo fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, kuma duk kwana 5 ɗayansu zai sake ratsawa ta kan wuri guda. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, ya mayar da wanda ke gaba da ja, wanda ba ma gani. Bambancin biyun ake lissafawa a gane daji ko gona na cikin ƙoshi ko sun fara bushewa, tun kafin mai tafiya a ƙasa ya lura.

Babban abokin gabarka gajimare ne. A zangona na farko na kwashe mako biyu ina murnar gano wasu tafkuna, ashe inuwar gajimare ce. Malamina bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in duba hoton makon gaba. Tafkunan duk sun tashi. Shi ya sa za ka koyi Sentinel-1 ma, mai aiki da rada, wato na'urar da ke aika sigina ƙasa ta auna abin da ya dawo, wanda dare da hadari ba sa hana shi gani.

Don ganin canjin shekaru kuwa, babu kamar Landsat na Amurka. Tun 1972 yake ɗauka, kuma a 2008 aka buɗe rumbunsa kyauta. A nan za ka ga Tekun Aral na tsakiyar Asiya yana ƙafewa shekara bayan shekara. INPE, hukumar binciken sararin samaniya ta Brazil, ita ma da irin hotunan nan take ƙirga sare dajin Amazon tun 1988.

To tunda kyauta ne, me kake jira? Sauke QGIS, manhajar haɗa taswira, ka buɗe asusu a Copernicus, ka zaɓi kogi ko daji guda, ka kwatanta hotunansa na shekaru biyar. Ka dage da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da lissafin ƙididdiga, don nan ne na ga mutane sun fi shan wuya bayan sun iso, ga sanyi ga kewar gida. Wanda ya haɗa takardar neman gurbi da taswirar da ya yi da hannunsa ya fi mai dogon bayanin buri.

Cikin makarantu, duba tsangayar ITC ta Jami'ar Twente a garin Enschede na ƙasar Holan. Wannan fanni ne sana'arsu, da Turanci suke koyarwa, don haka jarrabawar IELTS na gabanka. Ka nemi tallafin karatu tun kafin ka yi maganar biza.

Idan ka gama taswirar farko ka turo min in duba, musamman wuraren da ka ɗauka ruwa ne.