Wa Ya Ɗauki Alhakin Yaƙin Libiya?

Tambaya: Tun bayan kisan Gaddafi a 2011 makamai suka yi ta kwarara yankinmu. Shin an hukunta shugabannin da suka ingiza wannan yaƙi? Daga wani mai karatu a Agadez.

Amsa: Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya gurfana gaban kotu saboda yaƙin. Ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Maris na 2011, izinin kare fararen hula ya bayar, amma jiragen NATO suka ci gaba da luguden wuta har gwamnati ta rushe, aka bar rumbunan makamai ba mai gadi, wasu makaman suka tsallaka Mali inda tawaye ya ɓarke a 2012.

A watan Satumba na 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Birtaniya ya ɗora wa David Cameron, firaministan Birtaniya a lokacin yaƙin, alhakin shiga yaƙi bisa bayanan da ba a tantance ba, kuma ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba. Shi ma Obama ya amince cewa rashin wannan shiri ne babban kuskuren mulkinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a 2023 aka naɗa Cameron ministan harkokin wajen Birtaniya.

Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC) ba ta samu hurumin shari'ar laifin kai hari kan wata ƙasa ba sai a 2018, kuma hurumin bai shafi abin da ya gabata ba.