Tumatirinka ba taki yake nema ba

Ɗana, ka ce tumatirin da ka rena a ƙarƙashin rumfar zana ya yi tsawo siriri, duk ya karkata gefe guda, kana tambaya ko ka ƙara masa taki. Kul. Ba yunwa yake ji ba, haske ne bai ishe shi ba. In ka zuba masa taki yanzu, tsawon banza zai ƙara yi ya kwanta.

Tsiro yana gane inda haske yake fitowa, kuma a tsininsa ganewar take. Tun 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna haka a Ingila da tsiron ciyawa: wanda suka rufe wa tsini da 'yar hula ya miƙe sak, wanda suka bari a buɗe ya lanƙwasa wajen haske. Daga baya aka gano sinadarin da tsinin yake sakowa ƙasa, oksin sunansa. In haske ya bugi gefe ɗaya, sai ya taru a gefen inuwa, can ɗin ya fi saurin tsawo, kara ya tanƙwara. Rumfarka ta yi ƙasa, ta gefe ɗaya kawai rana take leƙowa, shi ya sa duk suka nufi can.

Amma cunkoson ya fi damu na. Ka yayyafa iri da kauri, kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wani ja mai duhu wanda da ƙyar idon mutum yake kama shi. Tsiro yana auna biyun. Da wannan mai duhun ya yawaita, ya san akwai maƙwabci kusa, sai ya fara tseren tsawo tun inuwar ba ta hau kansa ba. Tumɓuke guda ɗaya daga tsakiyar fangalin, ka ajiye kusa da na bakin. Na tsakiyar za ka ga kara fari-fari mai ruwa, tazara mai nisa daga ganye zuwa ganye, saiwa 'yar mitsitsiya. Na bakin gajere ne, kore shar, gindinsa da kauri. Shi ne mai jure dashe, ko da masu saye suna rububin dogon.

Rage su yau da yamma, ka bar faɗin yatsa biyu ko uku tsakani. Ɗaga rumfar, ka buɗe ta gabas don hantsi ya shiga. Na cikin leda kuwa, ka riƙa juya su. Kada ka yaye zanar gaba ɗaya, ranar Sakkwato ba ta wasa, ganyen da ya saba da inuwa wuni guda zai ƙone. Janye ta kaɗan-kaɗan a cikin mako kafin dashe. Waɗanda suka riga suka yi tsawo ba su ɓaci ba: binne karan da zurfi har kusa da ganyen farko, tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara.

Tunda baɗi albasa kake so ka shiga, ga wani. Shuka tana auna tsawon rana ma. A nan wuni bai cika yin ƙasa da awa 11 ba a Disamba, bai kai 13 ba a Yuni. Albasarmu ta bakin gulbin Rima, da ta Galmi a Nijar, wajen awa 12 ta ishe ta ta fara kai. Akwai irin Turai da sai ya samu awa 14 ko fiye, a nan kuwa ganye kawai zai yi ta yi har ka gaji da ban ruwa. In an kawo maka iri a gwangwani, duba ko na ƙasashen gajeriyar rana ne kafin ka biya.