Shanu nawa daji zai iya ɗauka, kuma wa ke ƙirgawa?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ma'aikatan kiwo na cewa dabbobi sun fi ƙarfin dajin arewacin Dakoro, a Nijar. Daji ai ba buhu ba ne balle a ce ya cika. Yaya ake auna wannan abu? Kuma me ya sa wata shekara a ce akwai rarar ciyawa, wata a ce akwai giɓi?

Amsa: Ana aunawa, ɗan'uwa, kuma lissafin bai da wuya kamar yadda ake zato. Da farko ana mayar da dabbobi duka kan ma'auni ɗaya, wato dabba mai nauyin kilo 250, wadda ke cin busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a yini. Raƙumi ɗaya ya kai ma'aunin, tumaki ko awaki kuwa sai an haɗa goma. Idan rani ya yi wata tara, dabbar nan za ta ci kusan kilo 1,700 kafin ruwa ya sauka.

Sai a koma ga dajin. Ƙarshen damina ma'aikaci zai je makiyaya, ya ajiye wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe, ya yanke duk ciyawar da ke ciki, ya shanya ta, ya ɗora a sikeli. Ana yin haka wurare da dama, sannan a gwama da hotunan tauraron ɗan Adam masu nuna inda ƙasa ta yi kore. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, tana cikin masu bibiyar waɗannan hotuna. Ba duk abin da ya tsiro dabba ke samu ba: gara ta ci, iska ta kwasa, kofato ya tattake, gobarar daji ta lashe nata. Shi ya sa ake ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku kawai. A ce hekta ta ba da kilo 1,000, saniyarka na buƙatar hekta biyar ke nan. In ruwa ya yi gardama ta ba da 400, sai ta nemi wajen goma sha uku.

Ka ga amsar tambayarka ta biyu. Dajin bai canja ba, shanun ba su ƙaru ba, ruwa ne ya juya lissafin. Kuma ba yawansa kaɗai ba, har da yadda ya rarrabu. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro, sai a yi sati uku ba ɗigo, ta ƙone tana jaririya.

Inda nake saɓawa da masu ɗora laifi kan yawan shanu shi ne nan. A Widou Thiengoly da ke Ferlo ta Senegal an killace wata makiyaya tun 1981 da ƙayyadadden adadin dabbobi, aka bi ta shekaru fiye da ashirin, ba ta fi ta makiyaya masu yawo kyau ba. Bafulatani da ke bin ruwa zuwa Ingall ta yankin Agadas da damina, ya gangaro kudu cin karan gero bayan girbi, yana sauke wa dajin nauyi ne. Abin da ke rage ƙarfin daji da gaske shi ne gonaki da suka haye iyakar noma da dokar Nijar ta 1961 ta shata, da burtalin da aka nome, da rijiyar burtsatse da ke tsare garke wuri ɗaya shekara cur, da masu kwasar ciyawa a amalanke su kai kasuwa.

Akwai kuma abin da tauraro ba ya gani. Garmani kore ne shar a hoto, amma saniya ba ta ko kallonsa. Inda ya maye gurbin gamba da kyasuwa, taswira za ta ce akwai abinci, garke kuwa yana ramewa. Don haka ma'aikacin kirki yakan tambayi makiyayi ko nono ya ragu, ya duba haƙarƙarin shanu, ya ji farashin dusa a kasuwa. Ƙarfin kuma yana iya ƙaruwa: a yankunan Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon itatuwa a gonaki, kuma 'ya'yan gawo da ke zuba da rani yanzu suna cikin abin da ke riƙe tumaki har ruwa ya sauka.